Kyamarar farko da ɗan kuɗi: sabuwa a kwali ko ta hannu?

Tambaya: Salamu alaikum Yaya. Ina zaune a Mamobi a Akra, sana'ata yi wa amare kwalliya, kuma da waya nake ɗaukar hoton aikina. Yanzu mata sun fara cewa in riƙa ɗaukar musu hoton lalle da suna. Na kwashi adashi, kuɗin ba yawa. A shagunan Circle an nuna mini Canon 4000D sabuwa a kwali, har da jaka da ƙafa da wani dogon lens. Wani kuma ya nuna mini Canon 700D ta hannu, kuɗinsu ya kusa zuwa ɗaya. Ƙawata ta ce Nikon ta fi. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa sana'a albarka.

Tsakanin waɗannan biyun ki ɗauki 700D, muddin ta tsallake gwajin da zan yi miki bayani. Sai dai kada ki juye kuɗin adashin nan kaf a kan jikin kyamara, ko wacce iri ce. Aikin da ake kiranki ki yi aikin cikin ɗaki ne. Kin fi ni sanin ɗakin amarya a Mamobi ko Nima: taga ɗaya da labule mai kauri, ƙwan lantarki guda a sama, akwatuna jere a bango, mata sun cika gado da tabarma. A irin wannan wuri lens da filasha ne ke fitar da hoto. Wanda ya sayi kyamara mai tsada ya rasa kuɗin waɗannan biyun, hotonsa ba zai fi na wayarki ba, wani lokaci ma wayar ta fi shi.

Bari mu fara da ta kwalin. Canon ta fitar da 4000D a 2018 don ta zama mafi araha a cikin kyamarorinta, kuma ta samu arahar ne ta hanyar zare abubuwa. Sikirin ɗinta inci 2.7 ne, a kafe yake, ba ya juyawa. Bakin da ake ɗaura lens na roba ne. Ba ta da ramin makirfo. Babu ɗan maɓallin nan na gefen maleƙa da mai matsalar ido ke murzawa ya daidaita gani. Abin da ya fi damuna a aikinki yana can samanta, wurin da ake zura filasha. In kin duba na sauran kyamarori za ki ga wani ɗigon ƙarfe babba a tsakiya, shi ke ba filasha umarnin ta haska. An cire shi a 4000D, haka ma a 250D da rukunin farko na 2000D. Ma'ana, filasha masu araha da yawancinmu ke aiki da su ba za su tashi a kanta ba, sai ta Canon ko wadda aka sabunta wa manhaja musamman. Mai shago ba zai fara gaya miki wannan ba.

Ita kuwa 700D ta 2013 ce, ta girme ta da shekara biyar, amma a aji tana sama da ita. Megafiksel ɗinsu ɗaya, 18. Sikirin ɗin 700D inci 3 ne, ana taɓa shi kamar waya, yana kuma juyawa, har ki ɗaga kyamara sama da kawunan mata ki ɗauki hannun amarya ana zana mata lalle kina ganin abin da kike yi. Tana da ramin makirfo, tana ɗaukar hoto biyar a daƙiƙa inda waccan ke ɗaukar uku, kuma ɗigogin fokas ɗinta tara duka masu kamu ta tsaye da ta kwance ne, alhali a 4000D na tsakiya kaɗai ke da wannan. A ɗaki mai duhu wannan bambanci shi ne tsakanin kyamarar da ta kama ido nan take da wadda ke ta kai da komo har amarya ta gaji da murmushi.

Kayan da aka cika kwalin da su kuma kada su ɗauke miki hankali. Dogon lens ɗin, in kin karanta jikinsa, da wuya in ba 75-300 ba ne. Ba shi da abin hana rawar hannu, yana son hasken rana sosai, kuma ba ya kama abin da ya matso ƙasa da mita ɗaya da rabi. Zai yi miki amfani ranar Idi a filin Black Star in kina so ki ɗauko liman daga nesa, amma a ɗakin suna kaya ne kawai. Ƙafar da ake haɗawa da irin wannan ciniki iska ma tana kaɗa ta.

Maganar megafiksel ba sai mun daɗe a kanta ba. Hoton 18 yana da ɗigo 5184 a tsawo, 3456 a faɗi, ya isa a buga shi babba a sa a firam a rataye a falo. Mafi yawan aikinki ma a WhatsApp da Instagram zai ƙare, su kuma matse hoto suke yi.

Ƙawarki tana da gaskiyarta. Nikon D3300 ta 2014 da D5300 ta 2013 suna da megafiksel 24, kuma in hoto ya yi duhu aka zo ɗaga shi a kwamfuta, sun fi Canon masu 18 haƙuri, ba sa saurin yin yashi-yashi. D5300 tana da sikirin mai juyawa da ɗigon fokas 39, har da Wi-Fi na tura hoto waya, abin da 700D ba ta da shi. In kin same ta lafiyayya a kuɗin 700D, ban hana ki ba. Amma Nikon na wannan aji suna da tarko biyu. Babu injin juya fokas a jikinsu, don haka lens ɗin da ba a rubuta masa AF-S ko AF-P ba, kamar tsohon 50mm f/1.8D da ake sayarwa da araha, zai ɗauru amma da hannu za ki riƙa murza shi. Sannan AF-P ɗin ba ya aiki da tsofaffi irin D3100 da D3200. D3400 da D3500 kuma an cire musu ramin makirfo, ko da yake batirin D3500 yana da ban mamaki, kamfanin ya ƙiyasta masa hoto 1,550 a caji ɗaya.

Abin da zai raba miki gardama ba ya cikin takardar bayanin kyamara. Ki duba masu hoton da kike haɗuwa da su a gidajen biki, waɗanda kike gaisawa da su, me suke riƙe da shi? Ranar da batirinki ya mutu ana tsakiyar walima, ko kika buƙaci aron lens na yini ɗaya, ko wani maɓalli ya rikice miki, wanda ke riƙe da irin taki ne zai fitar da ke. In Canon suka fi yawa a cikinsu, ki bi Canon, in Nikon ne ki bi Nikon.

Akwai wani abu da ke cin mutanenmu, musamman masu 'yan'uwa a Amurka da ke aiko da kaya. Canon tana ba kyamara ɗaya suna daban a can. 700D ita ce Rebel T5i, 750D ita ce T6i, 800D ita ce T7i, 200D kuma SL2. Amma T5 marar "i" 1200D ce, T6 1300D ce, T7 2000D ce, T100 kuma ita ce wannan 4000D da aka nuna miki. Wato ɗan harafin nan shi ne ya raba ajin sama da na ƙasa. Mutum zai ga T7 ya ɗauka ta fi T5i tunda bakwai ya fi biyar, alhali a kayan aiki T5i ce gaba. In za ki yi wa wani saƙo ya sayo miki, ki rubuta masa sunan harafi da harafi.

Yanzu lens. Wanda ke zuwa da kyamara, 18-55, kada ki raina shi, da shi za ki ɗauki taron dangi da jerin kayan lefe. Ki dai tabbatar akwai IS a rubuce a jikinsa, ko VR in Nikon ne, domin akwai 18-55 III na Canon da ba shi da abin hana rawa. In kin samu IS STM ya fi, fokas ɗinsa ba ya ƙara.

Duk wanda kika tambaya zai ce miki ki ƙara da 50mm f/1.8, kuma ga fuskar da kika gama yi wa kwalliya babu kamarsa a wannan kuɗi. In kin zuƙo 18-55 har ƙarshe, ƙofar haskensa f/5.6 ce. Shi 50mm a f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan, yana kuma narkar da bayan hoto, akwatuna da ƙofar wardirob su ɓace, fuska ta fito ita kaɗai. Sai dai masu ba da wannan shawara sukan manta girman ɗakunanmu na zango. Sensar waɗannan kyamarori, wato ɗan farantin ciki da ke kama hoto, ƙarama ce, tana matse abin da lens ke gani da ninki 1.6 a Canon, 1.5 a Nikon. In kin jingina bayanki da bango, amarya tana mita uku daga gare ki, faɗin abin da 50mm zai ɗauko bai kai mita ɗaya da rabi ba. Amarya da ƙawa ɗaya ke nan, ta ukun an yanke mata kafaɗa, ke kuma babu inda za ki ƙara ja da baya. A wannan tazarar EF-S 24mm f/2.8 STM na Canon yana ɗauko kusan mita uku. A Nikon kuwa AF-S 35mm f/1.8G DX shi ne tsaka-tsaki, kuma yana cikin dalilan da ke sa in tura mai aikin cikin ɗaki wajen Nikon. Ke da tallan kwalliyarki ya dogara da hoton fuska, 50mm ɗin zai biya kuɗinsa, amma ki san na fuska ne, taro kuma ki koma 18-55. In za ki saya ki nemi STM na 2015 mai bakin ƙarfe, ya fi tsohon mai lamba II ƙwari. Kuma kada ki zauna a f/1.8 kullum don daɗin narkewar baya. In fuska ta ɗan karkata, ido ɗaya zai fito ɗaya ya dushe. Ki sa f/2.8 ga mutum ɗaya, f/5.6 in sun yi layi biyu.

Da kuɗin zai ishi abu ɗaya kawai bayan kyamara, filasha zan ce ki fara saya, lens ya jira biki biyu ko uku. Ba ƙaramar da ke ɗagowa a kan kyamara nake nufi ba, wannan tana watsa haske tsaye a fuska, goshi ya yi ƙyalli, inuwa ta kwanta a bango. Ki nemi mai kai mai juyawa, irin Godox TT600 ko Yongnuo YN560 da ake saita ƙarfinsu da hannu, ko Godox TT685 mai auna haske da kanta, wadda ke da harafin C ga Canon, N ga Nikon. Ki juya kan ya kalli silin, haske ya bugi sama ya sauko a hankali kamar na taga. In silin fari ne, shi ke nan. In an yi masa shuɗin fenti ko kore, launin zai sauko a fatar amarya. In kwano ne tsirara babu silin, ki sa wata yarinya ta riƙe farin mayafi a gefenki ki harba hasken a kansa. Batir huɗu ƙanana take ci, ki sayi masu caji saiti biyu. Wani abu kuma da ya shafi sana'arki kai tsaye: wasu farar hoda da ake shafawa a ƙarshen kwalliya, masu sinadarin silika, ido ba ya ganinsu amma filasha tana fito da su fari fat a ƙarƙashin ido. Ki gwada hodarki da filasha a gida kafin ranar biki.

Za ki kuma ci karo da rigimar farin kaya da baƙar fata. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki ne. In ango ya shigo da farar shadda ta cika hoto, sai kyamara ta ga haske ya yi yawa ta rage, shadda ta koma toka-toka, fuska ta nutse. Akwai maɓalli mai alamar ƙari da ragi, ki ƙara kashi biyu cikin uku ko ɗaya cur, ki duba sikirin. In farin ya fara ƙyaftawa alamar ya ƙone, ki ɗan rage. Ki saba ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, tare da JPEG, domin ranar da aka zaunar da mutane ƙarƙashin jar rumfa kowa ya koma ja, RAW ɗin ne zai ba ki damar dawo da launin fata daidai.

Sai gwajin ta hannu, kuma a nan ne kuɗinki zai tsira ko ya salwanta. Ko a Tip Toe Lane ne, ko a shafukan ciniki na intanet irin Jiji ko Tonaton kika gani, kada ki tura wa kowa kuɗi ta MoMo kafin kaya su shiga hannunki, ba a cinikin biri a sama. Ki tafi da rana, da katinki na ajiya, da wani wanda ya san kyamara in da hali.

Ki cire lens, ki buɗe marfinsa gaba da baya, ki kunna tocilan wayarki ki haska ta baya kina leƙawa ta gaba a karkace. 'Yar ƙura ɗigo-ɗigo ba komai ba ce, kowane lens yana da ita. Abin gudu shi ne farin zare-zare mai rassa kamar saƙar gizo, yawanci daga gefen gilashi yake farawa. Funfuna ce, tana yaɗuwa, tana cin rufin gilashin, kuma damshin Akra abincinta ne. In kin gan ta ki ajiye. Ki mayar da lens, ki murza maɓallin saman kyamara zuwa Av, inda ke ce ke zaɓar ƙofar haske, ki kai lamba f/22, ki ɗauki farin bango ko sararin sama, sannan ki zuƙo hoton a sikirin ki bi shi kusurwa-kusurwa. Baƙaƙen ɗigo ƙura ce a kan sensa, ana gogewa. Dogon layi siriri kuwa yana iya zama ƙarzuwa, wannan ba ya gyaruwa da araha. Ki gwada fokas a 18 da kuma 55, kusa da nesa, sau da yawa. In Err 01 ya fito, kyamara da lens ba sa jin juna, sau da yawa wayar cikin lens ɗin ce ta fara tsinkewa. Ki juya sikirin ta kowane ɓangare ki ga ko yana ɗaukewa. Ki buɗe gidan batir ki duba tsatsa ko kore-kore, ki sansana, warin damshi ba ya ɓuya. Ki ce a ɗaura filasha a harba a gabanki.

Ki tambayi adadin harbin shota, wato ƙyauren ciki da ke buɗewa ya rufe duk ɗaukar hoto. Shotar kyamarorin wannan aji ana ƙiyasta mata wajen harbi 100,000, wata ta wuce, wata ba ta kai ba. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, akwai shafukan intanet da za ki ɗora hoton su karanta miki. Canon sai an haɗa ta da kwamfuta da wata manhaja, mai shagon kirki yana da ita. A ganina ƙasa da 30,000 kaya ne mai sauran rai. In ta haura 70,000, ko dai kuɗin ya sauka sosai ko ki wuce. Roba da ta saɓule a wurin riƙo da maɓallan da rubutunsu ya goge suna gaya miki ta yi aikin biki ta gaji, ko da mai ita ya rantse daga Jamus aka sauke ta jiya. Ki karɓi rasit mai ɗauke da lambar da ke ƙasan kyamarar, don kayan sata suna yawo, kuma ki nemi ya rubuta miki 'yan kwanakin da za ki iya dawo da ita.

Farashi yana bin dala, don haka da kashi zan yi miki lissafi. In kin raba kuɗinki goma, kada kyamara da 18-55 su wuce shida. Ɗaya da rabi na filasha da batiranta, ɗaya na batirin kyamara na biyu da katuna, sauran ki fara tara na 50mm. Batir na biyu dole ne, kin san halin wutarmu, na 700D sunansa LP-E8. Kati kuma gara 32GB guda biyu ko uku da babba ɗaya, tunda ramin kati ɗaya ne a waɗannan kyamarori, in ya lalace bikin mutane ya tafi. Jabun SanDisk sun cika kasuwa, akwai manhaja kyauta mai suna H2testw da ke tona asirin katin da ya yi ƙaryar girmansa. Ki kwashe hotuna a daren da kika ɗauka. Kuma tunda ɗakin mata za ki riƙa shiga, inda ake zaune babu mayafi, kada ki miƙa katinki gaba ɗaya a shagon wankin hoto. Ki ware waɗanda za a buga a wani abu daban, kada kuma ki sa hoton kowa a talla sai ta yarda. Wannan amanar ce ta sa ake kiranki maimakon namiji.

Za ki ji ana cewa zamanin irin wannan kyamara ya wuce. Gaskiya ne kamfanonin sun koma kan marasa madubi. Nikon ta daina ƙera D3500 da D5600 a 2022, Canon kuma ba ta sake fitar da sabuwa a wannan layi ba tun 850D ta 2020. Ke wannan riba ce gare ki, domin masu kuɗi suna sauke tsofaffin kayansu, ta hannu tana ƙara sauƙi. Bakin EF na Canon yana nan tun 1987, lens ɗinsa sun cika duniya, kuma ranar da kika koma marar madubi irin R50, da adafta za ki ci gaba da aiki da su. Bidiyo ne kawai zan ce kada ki dogara da 700D, fokas ɗinta yana jan ƙafa in mutum yana motsi. In bidiyo na cikin lissafinki ki nemi 200D ko 800D, duka na 2017, masu tsarin fokas na Dual Pixel da ke bin motsi, ko ki bar wa wayarki wannan ɓangaren.

Ajiya kuma, kada ki bar ta cikin jaka a wardirob lokacin damina. Ki samu robar abinci mai marfi mai kamawa, ki zuba ƙullin silika irin na cikin kwalin takalmi, ki riƙa shanya su ko sauya su. Da hunturu ki sauya lens a cikin ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Ki sa wa lens ɗan gilashin kariya na gaba, saboda hayaƙin turaren wuta da feshin da kike gama kwalliya da shi duk a kan gilashi suke sauka.

In 700D ɗin nan ta faɗi gwaji, kada ki koma wa ta kwalin don haushi. Ki riƙe kuɗinki ki ƙara zagayawa, ki tambayi 750D ko 200D a Canon, D5300 ko D3300 a Nikon. Wadda kika samu, ki turo mini hoton gabanta da na wurin zura filasha da adadin shotarta kafin ki biya.